Madubin da Masu Jirgi Ke Kira Bakomi

Sau biyu na shiga jirgi don in haye Bahar Maliya, amma sau ɗaya na isa ƙetare. A na farkon, mai jirgin ya karɓe ɗan abin da muka tara a tsinkar auduga a Madani ta ƙasar Sudan, ya yi ta yawo da mu a kan ruwa har muka amayar da abin da ke cikinmu, sannan da asuba ya sauke mu a wata gaɓa, ya nuna mana duwatsu ya ce ga Hijaz nan, mu miƙe. Muka zube muna sujada, tsofaffi na kuka suna shafa yashi a fuska. Da muna da wayo da mun lura cewa daga cikin teku rana take fitowa, amma wa ke duban rana alhali yana jin ya taka ƙasa mai tsarki? Sai da hantsi muka gamu da wani makiyayin raƙuma, muka tambaye shi hanyar Makka. Ya dube mu, ya dubi teku, ya nuna mana ruwan da muka fito. Ashe ƙasar Sudan ce dai muka sumbata, ba ma nisa da Sawakin inda muka tashi.

Na koma dako har na sake haɗa kuɗin jirgi. A wannan zaman na shaƙu da wani dattijo mutumin Haɗeja, Malam Idi, wanda ya baro gida tun kafin a haife ni, yana tafe yana tsayawa yana ɗinki. Shi ne ya riƙa kirana Harunan Kazaure don a bambanta ni da wani Harunan, kuma duk abin da ya samu, ko dabino ɗaya ne, sai ya tsaga biyu. A jirgi na biyu muna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Wanda bai san Jidda ta wancan lokaci ba zai ɗauka da ka hango gari ka iso. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gaban garin cike yake da duwatsun cikin ruwa, masu jirgi na ce musu sha'ab, suna kwance ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Tsakaninsu akwai 'yar hanya, an kafa sanduna an shafa musu farin fenti don nuna ta. Da rana lafiya lau. Mu kuwa iska ta makarar da mu, muka iso bayan magariba, ana haska tocila ana neman sandunan ba a gani. Fitilun Jidda na gabanmu muna kallo jirgin ya hau dutse ya tsage. Yawancinmu mun tsira, don ruwan wajen bai wuce ƙirji ba. Malam Idi ya zame ta gefen da ke da zurfi. Da safe aka same shi, aka binne shi a Jidda, bai ga Makka ba.

Na yi aikin Hajji a shekarar, na dawo Jidda ba ni da ko na komawa, ba ni da kowa. A unguwar Sabil, inda bukkokin Takari suke, wato mu mutanen yamma, na faɗa hannun Amm Bakur; amm a bakinsu baffa ke nan. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga Katsina, shi kuwa bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma in yana ba ka labarin Katsina sai ka rantse jiya ya baro ta. Shi ne babban masu sayar da ruwa na unguwar, yana da 'yan garuwa da jakuna masu jan ganga daga famfon Aziziyya. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya gan ni zaune a gindin famfo ina kallon ƙasa, ya ce, "Ya waladi, zaman nan ba ya kawo tuwo. Me hannunka ya iya?" Na ce ubana mahaƙin rijiya ne, ni kuma na ɗan taɓa liƙin gwangwani a Kano. Ya ce halas, rijiya a Jidda gishiri ce, amma gwangwani yana da kasuwa.

Shi ya kai ni wurin Mu'allim Salim, wani Bahadarme, wato Balaraben Hadramaut, mai shagon aikin gwangwani a bayan Bab Makka. A can ba a kiran mutum mu'allim sai shaihin sana'a ya zaunar da shi a gaban manyan sana'ar, kuma sai mu'allim ke da ikon buɗe shago. Sauranmu hannuwa ne kawai. Mu'allim Salim ya zama kafilina, mai tsaya mini wurin hukuma, a kan sunansa aka yi mini iƙama, wato takardar zama. Ba zan ci amanarsa ba ko bayan ransa: gwani ne, ban taɓa ganin mai liƙi da dalma kamarsa ba, kuma lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, daga gidansa ake kawo mini romo. Sai dai mutum ne da bai yarda akwai wani abu sabo a ƙarƙashin rana ba, in kuwa akwai, to a Hadramaut aka fara shi.

Muna yin fitilu, da mazurari, da butoci, da akwatunan tsaraba masu madubi a murfi waɗanda alhazai ke rububinsu. Na shekara biyu ina wannan. Kewar gida ta fi damuna da damina, ko in ce lokacin da na san damina ce a can, don a Jidda babu abin da ke sauka sai zufa. Sai in tuna ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Ranar Juma'a wata tsohuwa a Sabil kan dama kunun tsamiya, ina sha ina sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Wata rana wani mai turare ya kawo aiki. Yana son ƙaramin akwati a shimfiɗe shi da madubi ta ciki, ƙasa da gefuna, don in ya jera kwalabe biyar su zama kamar hamsin. Mu'allim ya yanka madubai ya bar mini ɗorawa. Na gama gefe biyu da ƙasa, na leƙa kusurwar da ukun suka haɗu don in ga ko akwai gibi, sai na ga ido yana kallona daga can cikin lungun. Na matsa hagu, idon na nan a kusurwa. Na matsa dama, yana nan. Na miƙe tsaye, na durƙusa, bai gusa ba. Sai da na yi a'uziyya.

To ni na san madubi tun ina ƙarami. In babana ya yi nisa a cikin rijiya, ni ke tsayawa a baki da madubi ina jefa masa hasken rana. Na sha zagi daga ƙarƙashin ƙasa, don hannu na ɗan rawa haske ya bar shi a duhu. Saboda haka na san halin madubi shimfiɗaɗɗe: ba ya mayar maka da haskenka, wani wuri yake kai shi, sai da hannun da zai riƙa juya shi. Wannan kusurwar kuwa duk inda na tsaya tana dawo mini da idona. Na ce a raina, abin da ya dawo da ido ai zai dawo da haske. A take na tuna tocilar nan tana lalube a kan ruwa, da fararen sandunan da ba su amsa ba.

Na tsinci ɓaraguzan madubi daga cikin shara, na haɗa 'yar kusurwa kamar tafin hannu. Na ari tocilar Amm Bakur da rana tsaka, muka shiga ɗakin ajiyar gawayin maƙwabcinsa muka rufe ƙofa. Na ajiye abin a can ƙurya, na ɗora tocila kusa da kunnena na kunna. Ya ɗauki wuta kamar idon kyanwa. Na koma gefe, ya biyo ni. Amm Bakur da ke tsaye nesa da ni bai ga komai ba, don hasken wurin mai fitila kaɗai yake komawa. Ya fara yi mini addu'ar Allah ya ba ni lafiya, yana cewa kewar gida ce ta taɓa ni. Na danƙa masa tocilar na ce ya riƙe kusa da fuskarsa. Da ya gani, ya nemi in sake matsar da abin, ya sake haskawa, ya yi ta yi har gawayi ya ɓata masa farar riga.

Kusurwa ɗaya gefe ɗaya take kallo, don haka na haɗa da yawa baya da baya suka zagaye, yadda ta kowace fuska aka haska akwai mai amsawa. Na liƙe bayansu da kwalta saboda gishirin teku yana cin madubi, na rufe da gilashi, na yi masa gindin da za a ɗaura a kan sanda. Duk a shagon Mu'allim na yi, bayan an tashi aiki, da saninsa. Ya kan leƙo ya ce Takruni, wato ɗan Takari, yana wasan yara.

Akwai wani mai jirgi, Rayyis Hamdan, da ke ɗauko kaya daga manyan jiragen da ke tsayawa can waje. Yana kawo mana gyaran fitilu. Na roƙe shi ya ɗaura abin a sandar da ta fi ba su wahala, ya karɓa don kunya, kamar yadda ake karɓar maganin da maƙwabci ya haɗa. Washegari da hantsi sai ga shi da mutanensa, ya shigo shago ya rungume ni da ƙarnin teku a jikinsa. Ya ce tun daga nesa sandar ta amsa masa, kamar an kunna fitila a kanta, ba mai, ba lagwani, ba mai tsaro. Masu shaguna suka taru, mai shayi ya bar shayinsa. Rayyis ya riƙe hannuna ya ɗaga yana tambaya wa ya koya mini wannan, a wace ƙasa na gani.

Me ɗan Hausa zai ce in an yabe shi a gaban jama'a, ga kuma maigidansa zaune? Na sunkuyar da kai na ce ba komai. Na ga ba su gane ba, sai na juya musu da Larabcina na kasuwa, na ce ba wani abu ba ne, madubi ne da gwangwani, kowa ma zai iya yi. Na faɗa ina jin daɗin kaina, ina ganin na nuna tarbiyya. Mu'allim Salim yana kurɓar shayi yana saurare.

Ba a yi mako ba shugaban masu jiragen ya aiko yana son a yi wa duk sandunan hanya, har da na masunta da ke shiga Bangala, kasuwar kifi. Na sami Mu'allim na ce ba na neman raba shi da aikin, a yi a shagonsa. Abu ɗaya nake roƙo: ya kai ni gaban shaihin sana'a ya ce wannan abu ni na ƙago shi, a zaunar da ni mu'allim. Ya ajiye guduma ya ce ƙago me? Madubi tun zamanin Annabi Sulaimanu yake mayar da haske, kusurwar akwati kuma kusurwar akwati ce. Madubinsa, dalmarsa, shagonsa. Kuma ni da bakina na faɗa a gaban shaidu cewa kowa zai iya. In na ci gaba da wannan magana, in nemi wani kafilin.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce wuƙar. Wanda ba shi da kafili, in an gama Hajji aka fara kamen waɗanda suka maƙale, jirgi ake zuba shi. Na kwana biyu ina auna in yi shiru in ci tuwona. Amma duk sanda na tuna za a ɗaura abin nan a kan ruwan da ya ci Malam Idi a ce wasan kowa ne, sai in ji zuciyata ta ƙi. Amm Bakur ya ce shi zai kai ƙara wurin shaihi, in kuma ta ɓaci sai mu san abin yi, amma bai ɓoye mini cewa ƙarfinsa bai kai ya ɗauke ni a kan sunansa ba.

Wani akawu Bahaushen Sudan da ke aiki da wakilan jiragen ruwa ya ji labarin a masallaci. Ya ce a Masar da ƙasashen Turawa akwai ofis guda na wannan, mutum ya ƙago abu a ba shi takarda, bara'a suke ce mata, ba mai yin irinsa sai da izininsa. Ya ce kuma abin da ake ta shari'a a kansa a can shi ne wannan namu: shin duk mai sana'ar da ya zauna zai faɗa kan abin ba tare da wani tunani ba, ko kuwa sai da wani ya hango abin da sauran ba su hango ba? Na ji daɗi, na ce ashe rigimata ta manya ce. Ya ce ta manya ce, sai dai ni na riga na ba abokin shari'ata amsa kyauta. Baki shi ke yanka wuya, in ji shi, kamar ban sani ba.

A Jidda babu wannan ofis a lokacin. Akwai Shaihi Abbas, shaihin masu aikin gwangwani, tsoho mai rini a gemu, wanda ke zama bayan la'asar a kan dogayen kujerun igiya a ƙofar gidansa. Ranar da aka sa, manyan sana'a suka hallara, masu jirgi suka tsaya a baya, 'yan kallo suka cika lungu.

Mu'allim Salim ya fara, kuma wallahi ya iya magana. Ya buɗe ƙyalle ya fito da nasa da ya haɗa da safiyar ranar. Aka jera da nawa a kan tabarma. Nasa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, liƙin kamar ba hannu ya yi ba. Ya ce abin da mutum zai haɗa tsakanin asuba da azahar ba ƙirƙira ba ce. Ya ce in aka ba kowane yaron shago mu'allimci don ya jingina madubi uku, gobe wani zai zo ya ce shi ya ƙago murfin buta. Aka yi dariya, har ni na kusa yi. Sannan ya kira mai shayi da maƙwabta biyu, suka shaida abin da na faɗa.

Shaihi ya juyo ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce na faɗa. Ya buɗe tafin hannu, alamar to me ya rage.

Nan Amm Bakur ya nemi izini. Bai yi dogon bayani ba. Ya leƙa lungu, ya hango ɗaya daga cikin 'yan garuwarsa, wani mutumin Damagaram, yana tahowa da garwa biyu a kafaɗa, ya yini yana hawa benayen Jidda masu hawa huɗu, rigarsa ta manne da jiki. Ya kira shi ya tsaya a tsakiyar majalisa.

"Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Mutumin yana haki, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Ba gajiya."

Amm Bakur ya fassara wa majalisa tambayar da amsar. Ya ce, "Ya shaikh, ga shi nan ya shaida da bakinsa a gaban shaidu cewa bai gaji ba. A ƙara masa garwa biyu?" Lungu ya ɗauki dariya, ɗan garuwa na ta raba ido bai san laifin da ya yi ba. Amm Bakur ya ce haka mutanenmu suke. Ka taka ɗan Takari ya ce ba komai, ka yabe shi ya ce ba komai, gidansa ya ƙone ya ce ba komai. Gaisuwa ce da kunya, ba shaida ba ce. Masu jirgi a baya suka kama kalmar suna juya ta a baki, bakomi, bakomi.

Shaihi Abbas bai yi dariya sosai ba. Ya ce matar da ta raine shi Batakrura ce, 'yar Takari irinmu, kuma ranar da za ta rasu ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce ya karɓi wannan, maganar ba ta zama hujja ba. Amma tambayar Salim tana nan: abin a fili yake ko ba a fili yake ba?

Rayyis Hamdan ya matso ya ce shi ba ya son ɓata tsakaninsa da kowa, amma shekarun baya, bayan wani jirgi ya fashe, shi da kansa ya zo wurin Mu'allim Salim neman abin da zai sa sanda ta ganu da duhu. Mu'allim ya yi masa madubi shimfiɗaɗɗe mai kyau a cikin gidan gwangwani. Suka ɗaura. In ka zo daidai gabansa ya ƙyalla sau ɗaya, jirgi na ɗan karkata ya ɓace. Suka gwada fenti, suka gwada farin ƙyalle, suka gwada fitila iska ta kashe. Shaihi ya tambayi Mu'allim ko haka ne. Ya ce haka ne. Ya tambaye shi ko a lokacin akwai akwatuna masu kusurwa a shagonsa. Mu'allim ya ce akwai.

Na ɗauka an gama. Sai Shaihi ya dube ni ya ce shi ba zai ɗora wa mutum rawanin da ya ce ba nasa ba ne. Wasu sun yi magana a madadina, to yanzu yana son ji daga bakina, da Larabci, a gaban maigidana: abin nan komai ne ko ba komai ba ne, kuma wa ya yi shi?

Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba, har da buhunan Sawakin. An raine ni a kan yabon kai jahilci ne. Babana ya haƙa rijiyoyin da gari guda ke sha, ban taɓa jin ya ce ni na haƙa ba, sai dai ya ce Allah ya ba da ruwa. Ga mutumin da na sha romon gidansa yana kallona. Na ji tsohuwar kalmar tana hawowa da kanta. Sai na dubi abin da ke kan tabarma, na ga idona a cikin kusurwa yana kallona.

Na ce, "Ya shaikh, yau kowa zai iya, gaskiya ne, kuma Mu'allim ya fi ni iyawa. Amma kafin ranar da na leƙa akwatin mai turare, babu wanda ya iya, ni ma ban iya ba. Na ga mutum ya nutse yana kallon fitilun garin nan. Abin nan komai ne. Ni na yi shi, ni Haruna."

Maganar ta fita, har na bayan lungu sun ji.

Shaihi ya yanke cewa a zaunar da ni mu'allim, kuma har Hajji biyu su wuce ba mai haɗa abin sai da yardata, bayan nan ya zama na kowa. Ya ce tunda a shagon Salim aka haife shi, da dalmarsa, aikin sandunan a raba mana. Shugaban masu jirgi ya karɓi kafalata a wurin. Aka kawo shayi aka yi fatiha. Mu'allim Salim ya sha nasa ya tashi, ya shekara ba ya amsa sallamata sai da ka.

Na buɗe ɗan shagona kusa da Bangala, na yi aure a Sabil, na haifi 'ya'yan da ke jin Hausa su amsa mini da Larabci. Wa'adin ya cika, kowa ya shiga yi, har da masu kawo na roba daga waje. Daga baya aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa, aka sa fitilu masu lantarki a kan ruwa, manyan jirage suka daina bukatar abina. Masunta ne kawai suka riƙe shi, suna ɗaurawa a kan alamun komarsu da bakin 'yan hanyoyinsu. Ni da Mu'allim kuwa tsufa ya shirya mu. Idonsa ya raunana, ɗansa ya karɓi shagon, na kan biya in zauna da shi mu sha shayi muna zagin aikin 'yan zamani.

Muna zaune haka wata la'asar, wani saurayi masunci ɗan Yaman ya tsaya ya tambayi ɗan Mu'allim ko akwai bakomi, yana son guda biyu. Na daɗe da sanin sunan ya bi abin, amma ranar neman tsokana ya kama ni, na tambaye shi me kalmar take nufi. Ya dube ni da tausayin jahilcina, ya ce ai sunan wanda ya ƙago shi ne, wani babban injiniya Bature ɗan Italiya, Bakomi.

Na yi dariya zan bar shi ya tafi da Baturensa. Sai Mu'allim Salim ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wane Italiya? Ga Bakomin nan zaune yana shan shayina. A wannan shagon ya yi shi, ina kallo ina ce masa wasan yara."

Saurayin ya dube ni daga hula har takalmi, baƙin tsoho da ƙunar dalma a yatsu. Ya ce, "Da gaske, ya ammi? Kai ne?"

Bakina ya buɗe da kansa, kalmar nan ta gida ta zo har kan harshe. Na haɗiye ta da shayi, na ajiye kofin.

Na ce, "Ni ne."